Alhamis ɗin Beñat

Lahadi, da hantsi

Beñat ya tafi da jaka ɗaya, wadda yake hawan dutse da ita. Wai zai ɗan zauna wurin mahaifiyarsa a Hernani har ya samu kansa. Na ce to. Iyakar abin da na ce ke nan, to, kamar wanda ya ce mini zai sauka sayen burodi. Ni Yolima, da duk unguwarmu a Barranquilla aka san bakina ba ya mutuwa, shekara shida da aure na sallami mijina da kalma ɗaya.

Na tsaya a baranda ina kallon ƙeyarsa har ya sha kwana. Bai ɗaga kai ba. Yayyafin nan na Donostia, da ba ya zama ruwa kuma ba ya ɗaukewa, yana ta sauka a kansa, ko lema bai ɗauka ba.

Na dafa shinkafar mutum biyu. Hannuna bai ji labari ba tukuna.

Litinin, bayan tashi daga aiki

Na wuni a ɗakin gashin ƙashi ina murza kafaɗu da gwiwoyin tsofaffi. Idona a kumbure kamar wadda zuma ta harba, amma babu wanda ya ce me ya same ki. Mutanen garin nan akwai kawaici, wallahi har ya yi yawa. Ko wuta suka ga tana ci a kanka, sai su yi maka zancen ruwan sama su wuce, don kada su shiga abin da ba nasu ba.

Da a gida ne da tuni maƙwabta sun cika falo, wannan ta kawo miya, wannan ta kawo zagi, kowacce da gudummawarta.

Talata, da yamma

Yayata Maritza ta kira daga gida.

"Yoli, muryarki ba ta yi mini ba."

"Mura ce, Yaya."

"Mura a gidan wa? Ni na goya ki fa, 'yar nan. Me mutumin ya yi?"

Na gaya mata. Ina jin fanka tana juyawa a bayanta da rediyon maƙwabta. Kewar hayaniyar nan ta kama ni har sai da na zauna a ƙasa.

"Tattara ki dawo," ta ce. "Me kika ajiye a can? Ruwan sama? Asibitin da kika bari suna neman mutum, na ga shugabar a coci ranar Lahadi. Ta ce za ta riƙe miki gurbin har ƙarshen Mayu."

"Ina da mutane a nan."

"Su wa?"

Na buɗe baki zan lissafa, sai na ga duk sunan da zan kira, ta hannun Beñat na same shi. Na ce mata shinkafata tana ƙonewa.

Amma tambayar tana nan. In ina da mutane a garin nan, zan zauna. In mutanensa ne kawai, zan tafi. Kafin ƙarshen Mayu sai na sani.

Alhamis, bakwai na yamma

Kuadrilla, wato ƙungiyar abokan Beñat, za su haɗu yau. Su tara ne har da shi, tun ajin firamare suke tare, kuma tun da suka fara tasawa babu Alhamis ɗin da ba sa fita. Daga mashayar Txomin ake farawa, a tsaye, ɗan kofi ɗaya da ɗan abin taɓawa a kan yankan burodi, sai a wuce ta gaba. Matansu da mazansu suna bi. Haka na yi shekara shida ina bi, hannuna a cikin aljihun rigar ruwan Beñat.

Kepa, ɗaya daga cikinsu, ya rubuta a zauren waya kamar yadda ya saba kowane mako, kalma ɗaya: "Yau." Aka yi ta ɗaga masa babban yatsa. Beñat bai ce komai ba, amma dama shi ba ya rubutu.

Na yi wanka. Na sa jan baki. Na zauna a bakin gado da takalma a ƙafa, waya a cinya. Abin da nake jira ba shi da yawa, wani ya ce, Yoli, ke ma ki zo.

Alhamis, bayan sun watse

Na goge jan bakin.

Asabar, da rana

Surukata Kontxi ta hawo bas daga Hernani da robar wake a jaka. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa.

"Shigo mana, Ama." Haka ake kiran uwa a nan.

"A'a, takalmana sun jiƙe. Ungo. Kin rame, yarinya."

"Yaya yake?"

"Yana cin abinci."

"Ya ce wani abu?"

Ta yi tsaki. "Wannan? Tun yana ƙarami ba a samun magana a bakinsa sai da ƙugiya. Ubansa ya gado. Shekara arba'in ina jiran ubansa ya gama tunani, da na gaji na koma hira da kaji."

Na yi dariya, ita ce ta farko tun Lahadi, sai dariyar ta juye ta zama wani abu. Ama ta tsaya tana kallon silin ɗin baranda har na gama. Sannan ta dafa kafaɗata sau biyu da ƙarfi, kamar mai kakkaɓe katifa.

"Ki ɗumama shi a hankali, kada ya fashe. Ki dawo mini da robar."

Ina son matar nan. Amma uwarsa ce, ba tawa ba.

Lahadi, da la'asar

Na taka bakin teku. Kowa da nasa. Tsofaffi hannu cikin hannu, 'yan mata a jere sun tare hanya, masu allon hawa igiyar ruwa a baƙaƙen kayansu. Ban yi magana da kowa ba yau sai mai burodi, shi ma "na gode" ne.

Na tuna shekarata ta farko. Na gayyaci kuadrilla duka gida, na wuni a kan tukunyar sancocho, farfesun garinmu, na sa kiɗa. Suka zo, suka jeru a falo da rigunan ruwansu a jiki kamar masu jiran likita. Suka ci, suka yaba, ba a jima ba Kepa ya ce, "To, mu sauka mu ɗan sha wani abu?" Suna taka titi bakinsu ya buɗe. Na yi kuka ranar. Beñat ya ce, "Ba ƙin ki suke yi ba. Gida na kwana ne, zumunci a titi ake yi."

To ga titin nan, na zagaya shi kaf yau.

Laraba, da safe

Ƙwai da shinkafa kuma. Kifi nake marmari, lokacin antxoa ne, duk gari ƙanshinsa ake yi. Amma teburin Garbiñe yana daidai ƙofar kasuwar kifi, ba yadda zan shiga ba ta gan ni ba. Garbiñe ita ce babbar bakin kuadrilla, ita ce kuma na ɗauka ƙawata ce. Ita ta fara gane ciki gare ni da na koma shan ruwan inabi mara giya bara, tun kafin mu gaya wa kowa. Ta kalli kofina, ta kalli Beñat, ta ce, "Ashe dai kana da amfani."

Ko saƙo ɗaya ba ta turo ba. To ta riƙe kifinta.

Alhamis, da magariba

"Yau," in ji Kepa.

Abin kunya zan rubuta. Na fita, na tsaya a matsayar bas da ke tsallaken mashayar Txomin, na ja lema ta rufe mini fuska. Mace mai shekara talatin da takwas tana leƙen mutane kamar ɓarauniya.

Suna nan a ƙarƙashin rumfa. Izaskun da doguwar rigarta ja, Kepa yana ba da labari da hannu biyu, Garbiñe tana dariyar nan tata da ake ji har bakin gada. Ban ga Beñat ba, ƙila yana ciki yana karɓo kofuna. Na gode Allah da ban gan shi ba. Ƙarya nake.

Bas biyu suka tsaya mini, direban na biyun har ya buɗe ƙofa yana jira. Na shiga don kunya. Sai da ya kai ni Amara na sauka na dawo da ƙafa.

Juma'a

Ba komai. Ruwa.

Litinin, da yamma

Ya zo ina wurin aiki. Na gane tun daga ƙofa, ƙanshin sabulunsa na nan.

Bai taɓa kayansa ba. Ƙaramin ɗaki ya shiga. Gadon jaririn nan da ya haɗa da hannunsa a watan Disamba, yana zagin takardar bayani yana neman ƙusa ɗaya da ta ɓace, ya kwance shi ya tafi da shi. Ƙafafunsa huɗu sun bar alama a daɓe. Ya share, ya buɗe taga, ya ja ƙofa.

Na ji haushi. Wa ya ce masa? Ba nasa ba ne shi kaɗai. Sannan na ji sauƙi, don wata uku ke nan ina raɓa ƙofar nan ina kau da kai. Sannan na ji haushin sauƙin.

Haka yake. Zai ɗauke maka dutse daga ka, amma ba zai tsaya ya ce sannu ba.

Talata, da asuba

Ban rubuta Janairu ba, ba kuma zan rubuta ba. Abin da na sani shi ne ranar bikin ganga ce, duk gari ana kiɗa, ana jin sa har ta tagar asibiti. Shi yana zaune a kujera yana kallon bango, ni ina kallonsa. Tun ranar nake magana shi yana shiru, ina ƙara magana yana ƙara shiru. A wurinmu in an yi rashi ihu ake yi a taru. Na ce masa dutse ne shi. Na ce masa abin da ya fi haka.

Ya isa.

Laraba, da rana

Na yi kiciɓis da Kepa a kan gada, yana kan keke. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Yoli. Lafiya?"

"Lafiya."

"Aiki?"

"Ana yi."

Ya sosa ƙeya, ya kalli kogi, ya kalli taya. "Za a yi ruwa," ya ce.

"Kullum ana yi, Kepa."

"Haka ne. To." Ya taka kekensa.

Gobe Alhamis. Ya sani, na sani. Kalma nawa ce, ki zo gobe? Mutumin da na gyara wa kafaɗa kyauta da ya faɗo daga wannan keken, mutumin da ya yi rawa da Yaya Maritza a bikina har ya taka mata ƙafa. Da na san haka ne da na murɗe kafaɗar ta ɗaya ɓangaren.

Alhamis

"Yau." Ban yi wanka ba ma.

Lahadi, da yamma

Suna gidan Yaya duka, ta juya mini waya ina ganinsu. An fitar da kujeru ƙofar gida, kawu Evaristo yana buga domino yana rantsuwa, yara suna wucewa da gudu. Wata maƙwabciya ta zo wucewa kawai da ledar kasuwa, Yaya ta ɗaga murya, "Ke Nubia, ina za ki? Zo nan, zauna, a zuba miki." Matar tana cewa sauri take, aka ƙwace ledar aka danna ta a kujera.

Haka ake yi wa mutum in ana son sa. A kira shi, a ja shi, a hana shi tafiya.

"Kin gani?" in ji Yaya. "Ga kujerarki nan, kare ne ke kwana a kai. Na kunna miki kyandir yau. Me zan ce wa matar asibitin?"

"Ki ce ta ƙara mini kwana kaɗan."

"Yoli, mutanen nan sun neme ki?"

"Ba su da lokaci."

"Ba su da kunya dai."

Ban kare su ba.

Talata, bayan aiki

Na karɓo kwalaye daga kantin Sinawa na ƙasan benenmu. Na fara da littattafai. Abin mamaki, shekara shida, kayana da gaske ba su fi akwati biyu ba. Sauran duk namu ne, kuma ban san yadda ake raba namu ba.

Alhamis

Na kashe wayar tun azahar don kada in ga kalmar.

Juma'a, da safe

Kaɗaici yana da nauyi a ƙirji, ba zance ba ne. Na tashi da shi, na hau bas da shi. Wata tsohuwa da nake gasa wa gwiwa ta ce hannuna ya yi sanyi, na ce ruwan famfo ne.

Na yanke shawara. Ranar Lahadi zan ce wa Yaya to. Amma kafin nan sai na ci antxoa ko da sau ɗaya, kuma a teburin Garbiñe zan saya, kaina a sama. Ba zan bar garin nan ina ɓuya saboda mai kifi ba.

Asabar, da azahar

Bari in rubuta shi yadda ya faru, kafin ya gauraye a kaina.

Na shiga layi. Ta gan ni tun daga nesa, ba ta daina fiɗar kifi ba. Da layi ya zo kaina ta ce, "A'a. Ashe kina raye."

"Rabin kilo na antxoa."

"Na ce ashe kina raye. Mun zaci kin koma ƙasarku ba sallama."

"Saura kaɗan. Ƙofata kin san ta, Garbiñe. Lambata kina da ita."

"Mashayar Txomin kin san ta. Ranar ma kin san ta."

"Wa ya kira ni?"

Ta ajiye wuƙa. Ta goge hannu a gaban riga, ta kalle ni kamar na yi mata magana da wani yare.

"Kira? Ni wa ya kira ni? Tun ina da shekara sha bakwai nake zuwa, babu wanda ya taɓa cewa Garbiñe zo. Baƙo muke gayyata, sakarya. Ɗan Madrid ɗin nan da Izaskun ta kwaso bara, shi muka gayyata, da ladabi da komai, ya zo sau ɗaya muka huta. So kike mu yi miki irin tasa?"

"A wurinmu wanda ba a kira ba, ba a son sa."

"To nan ba wurinku ba ne. Kepa yana rubuta 'yau'. Kina cikin zauren ko ba kya ciki? Da wa kike zaton yake?"

Wata mata a bayana ta ce, "Garbiñe, kifi muka zo saya."

"Kifin ya mutu, Mari Karmen, ba inda za shi."

Na ce, "Abokansa ne ku. Tun firamare. Ya zan zo in tsaya a gabansa ina shan inabi?"

"Gaban wa? Mutumin da ba mu sa a ido ba tun da ya hau bas ɗin Hernani?"

Na riƙe gefen teburin. Ƙanƙara ce, ban ma ji ba.

"Ranar da ya bar gidan ya kira Kepa," ta ce. "Ya ce Alhamis ta Yoli ce, shi ba zai zo ba don kada ki ƙi zuwa. Sai ga shi ba ke ba shi. Mu takwas a tsaye kamar wawaye, Kepa yana ta leƙen kwana har wuyansa ya ƙage."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ya ce kada a gaya miki. Kuma mun zaci so kike a bar ki. Bayan Janairu..." Ta tsaya. Ta ɗauki wuƙarta. "Mun ce kada mu takura miki. Mu haka muka iya. Ban ce daidai ne ba."

Ta zuba kifin a takarda, ya fi rabin kilo nesa ba kusa ba.

"Ki soya da tafarnuwa, kada ki zuba masa madarar kwakwar nan taku ki ɓata mini kifi. Na gaba."

Ba ta ce in zo Alhamis ba. Har na kai ƙofa ina jira ta faɗa, sannan na tuna.

Lahadi, da safe

Ban ce wa Yaya to ba. Na ce ta jira Juma'a. Ta ce ni dai ba na jin magana tun ina cikin zane.

Beñat bai taɓa fashin Alhamis ba. Ranar da aka cire masa haƙori ya je da kumburarren kunci, ya sha ruwa da tsinke. A hutun aurenmu sai da ya sa muka dawo Laraba. Wannan mutumin ya yi wata guda a gidan uwarsa yana kallon talabijin ranar Alhamis, saboda ni.

Wanda ya daina son mace ba ya yin haka. Ko?

Litinin

Na mayar da littattafai kan kanta. Na wanke labule. Na kama kaina ina waƙa a banɗaki.

Talata, da yamma

Na rubuta masa saƙo na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe ban tura ba. In na je Alhamis, Kepa zai gaya masa. Wata Alhamis ɗin sai ya zo shi ma, ya tsaya a can ƙarshen rumfa, ni a nan. Wata kuma ya matso. Haka suke yin abinsu a nan, a hankali, ba magana. Zan iya. Na koyi yarensu mai wuyar tsiya har ina sayen kifi da shi, shiru ne zai gagare ni?

Alhamis, shida da rabi

"Yau."

Na ɗaga masa yatsa.

Juma'a, da sassafe

Na je.

Babu wanda ya rungume ni, babu wanda ya ce maraba. Ina isowa da'irar ta ɗan buɗe kawai, Izaskun ta ja jakarta gefe, na shiga. Kepa ya kalli agogo ya ce, "Kin makara."

"Da wata guda," in ji Garbiñe.

Sai suka ci gaba da gardamar ƙwallo daga inda suka tsaya. Izaskun ta miƙo mini farantinta ba tare da ta kalle ni ba. Da a gida ne da na ce wulaƙanci ne. Jiya kuwa sai da na cije leɓe.

Txomin mai mashaya ya gan ni, ya ɗauko kwalbar ruwan inabi mara giya kamar yadda ya saba, hannunsa ya tsaya a sama. Na ce, "Ja mai giya za ka zuba mini, Txomin." Ya gyaɗa kai ya zuba, ya cika shi fiye da na kowa.

Na yi dariya jiya. Na yi gardama a kan ɗan wasan da ban ma san fuskarsa ba. Na zagi Kepa a kan gada da kekensa, ya ce, "Ai na ce miki za a yi ruwa, me kuma kike so in ce?" Suka kwashe da dariya, har da ni.

A hanyar mashaya ta uku muka rage a baya ni da shi. Na daure na ce, "Kepa, ka gaya masa na zo. Ka ce ba sai ya ci gaba da ɓuya ba, rumfar ta ishe mu mu biyu. Sai yaushe zai dawo?"

Ya rage tafiya. Ya kalli takalmansa.

"Na tambaye shi, Yoli. Shekaranjiya na je har Hernani. Na ce Beñat, har zuwa yaushe?"

"Ya ce me?"

"Ya ce, ba aro na ba ta ba." Ya cire hularsa. "Ya ce shi yana da ama, yana da garin da aka haife shi. Ke mu kaɗai gare ki. Ya ce mu riƙe ki da kyau."

Na tsaya a tsakiyar titi. Kwana biyar ina ɗauka hanya ya bar mini a buɗe don ya biyo baya. Ashe rabo ya yi. Ya duba duk abin da ya mallaka a duniya, ya zaɓi wanda ya fi so, ya bar mini, kamar yadda ake yi in an san ba za a dawo ba. Bai iya cewa mun rabu ba, sai ya ba ni Alhamis.

Kepa yana tsaye yana murza hula, ya rasa inda zai sa idonsa. Garbiñe ta waiwayo daga ƙofar mashayar, ta kalle shi, ta kalle ni, ta dawo. Ta saƙala hannunta a nawa. Shekara shida ba ta taɓa yi ba. Hannun yana ƙarnin kifi da lemon tsami.

"Taho," ta ce. "Ana jiran ki, kuma kin san Izaskun in ta ji yunwa."

Na shiga. Na tsaya a inda yake tsayawa, kusa da ƙofa, don nan ne kaɗai babu kowa.

Juma'a, da yamma

Na kira Yaya Maritza, na ce ta gode wa matar asibitin, a ba wani gurbin.

"Ya dawo ke nan?"

"A'a, Yaya. Ba zai dawo ba."

"To uban me za ki zauna yi?"

"Ina da mutane."

"Su wa?"

Wannan karon na lissafa mata su, ɗaya bayan ɗaya, su tara har da Txomin. Da na kai ƙarshe ta ci gaba da jira, don ta san akwai sunan da ya kamata ya zo a farko. Ban faɗe shi ba. Muka zauna haka, ita da fankarta, ni da ruwan sama.

"Kin ci abinci?" ta ce.

Na ce zan dafa yanzu. Na auna shinkafar mutum ɗaya.